Nicanor Ɗan Baduku da Sunan Aro

Duk wanda ya zauna a unguwar Belvedere, gabas da kogin Los Angeles, a shekarun bayan yaƙin duniya na biyu, ya san Don Nicanor Arvizu, wato kamar a ce Malam Nicanor, dogon tsohon nan mai ɗan ɗingishi wanda ke tafiya kansa a sunkuye kamar mai neman allura. Yara sun san shi da ɓarawon fim, don a nan suka saba ganinsa. Manya ƙalilan ne suka tuna cewa an yi lokacin da hotonsa ke manne a ƙofar gidajen silima, da wani suna daban a ƙarƙashinsa. Shi kuwa ba ya son a tuna.

A wani ƙaramin gari na jihar Sonora ta ƙasar Meksiko aka haife shi. Ubansa, Don Cleofas, baduku ne mai yin sirdi da ragama, mutum marar yawan magana, wanda hannuwansa suka rine da jima har ba sa wankuwa. Uwar ta rasu Nicanor yana rarrafe, don haka yayarsa Casilda ce ta goya shi, ita ce kuma ta fi kowa sanin inda za ta taɓa ya ji zafi. Da yaƙin juyin juya hali ya kai garinsu, yau waɗannan su zo su kwashe sirada babu biya, gobe waɗancan su zo su ce don me aka ba abokan gabansu, sai Don Cleofas ya ɗaure basillarsa da wuƙaƙensa a cikin kirgi, ya tasa 'ya'yansa gaba suka tsallako iyaka zuwa Los Angeles. Suka kama ɗaki kusa da dandalin tsohon gari da ake kira Plaza, ya buɗe ɗan shago a bakin titi.

A lokacin kamfanonin fim sun fara yawa a bayan tuddai, kuma rabin finafinansu na mahaya ne. Sirdi na tsinkewa kullum, Don Cleofas na gyarawa, Nicanor na kai musu. Wata rana ya kai kaya ya tarar ana neman wanda zai faɗo daga doki yana tsakiyar gudu, an rasa. Shi da ya tashi cikin dawakin masu kawo wa ubansa aiki, sai ya ce zai gwada. Ya hau, ya saki doki, da aka harba bindigar ƙarya ya zube ƙasa ya mirgina, ya tashi yana kakkaɓe wando. Aka ce ya dawo gobe.

Casilda na kwaɓa ƙullun tortiya, wainar masarar mutanensu, lokacin da ya shigo da gwiwa a kurje. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Mutane na cin abinci da hawa doki, namu da faɗowa zai ci. Allah ya sa albarka."

Shekaru ya yi a haka, yau Ba'indiye mai gashin tsuntsu a ka, gobe Balarabe, jibi sojan da aka kashe tun farkon fim. Fim a lokacin ba ya magana. Ɗan wasa ya motsa baki, a rubuta abin da ya ce a allo, mai piyano na kiɗa a gefe. Abin da ake buƙata fuska ce da ido, Nicanor kuwa Allah ya ba shi duka biyun. Mai kamfanin da ya fi yi wa aiki, wani Mista Holbruk, ya lura cewa duk inda yaron nan ya tsaya a bayan jarumi, ido na barin jarumin ya koma kansa. Ya kira shi ofis.

"Mene ne sunanka?"

"Nicanor Arvizu, yallaɓai."

"Babu matar da za ta suma a kan wannan sunan," in ji Holbruk. "Daga ina?"

"Sonora. Meksiko."

Holbruk ya girgiza kai. "Ɗan Meksiko a fim shi ne mai wuƙa a bayan dutse. Wanda ke sumbatar yarinya ɗan Sifaniya ne. Daga yau kai ne Leandro de Almansa, ubanka mai sarauta ne, yana da gonakin zaitun da dawaki. Ka zo nan ne don kun ɓata da shi a kan mace. Za ka iya riƙe wannan?"

Nicanor ya ce zai iya. Abin bai yi masa nauyi ba a ranar. Ya ɗauka riga ce kamar sauran rigunan wasa, a sa da safe a tuɓe da yamma. Da ya ba da labari a gida, Casilda ta yi dariya har ta riƙe ciki, Don Cleofas kuwa ya ci gaba da huda fatar da ke kan cinyarsa, ya ce kawai, "Mai sarautar nan, yana da lafiya dai ko?"

Sunan ya karɓe shi. Ya yi fim yana ɗan sarkin da aka kora, ya yi yana mai wasa da bijimi, ya yi yana matuƙin jirgin ruwa. Bai kai manyan taurari ba, amma ya kai a san shi a titi, 'yan mata su aiko suna roƙon hotonsa. Ya sayi mota, ya kama gida a kan tudu cikin Turawa. Ran Lahadi yakan zo cin abinci wurin ubansa, sai dai yana ajiye motar nesa, ya ƙarasa da ƙafa ta lungu, hula a kan ido. Ya ce wai don kada yara su dame shi ne. Babu wanda ya ƙaryata shi.

A shekarar 1927 aka ba shi fim mafi girma da ya taɓa samu, inda zai fito a ɗan mai babbar gona a tsohuwar Kalifoniya. Don Cleofas ya ji labari, bai gaya wa kowa ba ya zauna ya yi sirdi. Watanni ya yi a kansa, ya zana furanni a fatar, ya sa azurfa a goshinsa da likkafa. Da ya gama ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya ɗora sirdin a kafaɗa, ya shiga taragon lantarki har bakin kamfanin. Mai gadi ya san shi da mai gyaran sirdi, ya bar shi ya shiga.

An yi rashin sa'a ranar wata 'yar jarida ta zo daga mujallar finafinai da mai ɗaukar hotonta. Nicanor na tsaye cikin baƙar riga mai aiki, yana ba ta labarin gidan ubansa mai ɗakuna barjat, Holbruk na gefe yana gyaɗa kai. Sai ya ji an ce, "Nica."

Ya waiwaya. Ga ubansa nan cikin rana, gumi ya jiƙa farar rigar, sirdi a kafaɗa yana walƙiya.

"Kai, wannan kaya da kyau yake," in ji 'yar jaridar. "Wane ne tsohon?"

Holbruk ya cire sigari daga bakinsa ya zuba wa Nicanor ido. Daga baya Nicanor ya sha lissafa amsoshin da zai iya bayarwa. Zai iya cewa badukun da ya fi kowa iyawa ne a garin, gaskiya ce kuma, babu wanda zai ƙara tambaya. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Baran gidanmu ne. Tun ina yaro yake kula da dawakin mahaifina. Ya ƙi rabuwa da ni, ya biyo ni har nan."

Ingilishin Don Cleofas na ciniki ne, amma ya isa ya gane wannan. Ya sauke sirdin a hankali a kan wani akwati, ya cire malafarsa ya riƙe ta a ƙirji, ya rusuna, ya ce da harshensu, "Ga shi na kawo, maigida. A duba majayin, in ya yi tsawo a rage."

'Yar jaridar ta ji daɗi ƙwarai. Ta sa aka ɗaura sirdin, Nicanor ya hau, tsohon ya riƙe ragama yana kallon ƙasa, aka ɗauki hoto. Ya fito a mujallar da rubutu a ƙasa cewa jarumi ne da amintaccen baransa. A unguwar Plaza ba kowa ke karanta Ingilishi ba, amma akwai masu karanta wa mutane.

Ya daɗe bai taka gidan ba. Ranar da ya daure ya je, Casilda ce ta buɗe ƙofa. Ta ja da baya ta durƙusa har ƙasa.

"Maigida ya sauka. Baba, ku taso ku kama wa maigida doki mana."

"Casilda, zuba wa ɗan'uwanki abinci," in ji tsohon daga ciki.

"Wane ɗan'uwa? Ni 'yar bara ce, ina ni ina jinin sarauta? Wake ne ma yau, ban sani ba ko cikin maigida na karɓar wake."

"Yaya, don Allah," in ji Nicanor.

"Au, ashe ka tuna da Allah."

Ta dangwarar masa da kwano. Ya zauna gaban ubansa, yana jiran a yi masa faɗa, ko a kore shi, ko a tambaye shi dalili. Don Cleofas ya gutsuri tortiya ya dangwali wake, ya tambaye shi ko sirdin na cin bayan dokin. Nicanor ya ce ba ya ci. Tsohon ya ce madalla, dama ya yi wa cikinsa laushi da gashin tumaki.

Ba a jima ba fim ya fara magana. Aka rufe ɗakunan ɗauka da barguna, aka rataya makirfo a saman kawunan 'yan wasa, aka ce kowa sai an gwada muryarsa. Nicanor ya yi ta haddace layinsa a gaban madubi. Da ya faɗa, aka sako masa muryar ta lasifika, ya ji wani mutum yana murɗe kalmomin Ingilishi irin yadda masu tallar lemu ke yi a bakin Plaza. Mai na'urar ya toshe baki da hannu. Holbruk ya ce, "Fuskar ta ɗan sarki ce, Leandro, amma bakin ba nasa ba ne."

Sai wata dama ta ɓullo. Kamfanoni sun fara maimaita finafinansu da Sifaniyanci don kasuwannin ƙasashen kudu masu jin harshen, da 'yan wasa daban a fage ɗaya. Holbruk ya ce ai ga ɗan Sifaniya a hannu, aka ba shi jarumi. Aka kuma ɗauko wani mutumin Madrid, siriri mai tabarau, don ya kula da lafazin 'yan wasa. Ranar farko Nicanor ya durƙusa gaban jarumar ya fara layinsa na soyayya. Bai kai rabi ba mutumin ya ɗaga hannu.

"Tsaya, malam. An ce mini kai ɗan ƙasarmu ne."

"Haka ne."

"To a wane gari na Sifaniya ake magana haka? Na zaga ƙasar, ban taɓa jin wannan ba sai a bakin masu kiwon alfadari na nan."

Fagen cike yake da 'yan Meksiko, masu cika taro da masu jan waya, da yawansu sun san shagon Don Cleofas. Daga saman katakon fitilu wani ya ce, "Garin Almansa ne, yallaɓai. Yana nan bayan Plaza, kusa da mai sayar da tumbi." Dariya ta ɓarke, har jarumar ta juya baya kafaɗunta na rawa. Nicanor na durƙushe da gwiwa ɗaya, fure a hannu, ya rasa yadda zai tashi. Kafin mako ya ƙare an ba wani jarumin, shi kuma an mai da shi direban motar jarumi a fim ɗin.

Daga nan Leandro de Almansa ya mutu ba tare da an yi masa jana'iza ba. Gidan tudu ya tafi, mota ta bi shi. Holbruk, wanda a ganinsa taimako yake yi, ya ce akwai aikin da harshen nan zai yi wa amfani. Aka manna masa gashin baki, aka shafa masa baƙin mai a fuska, aka rataya masa harsasai a ƙirji. Aka ce ya ƙara karya Ingilishin fiye da yadda yake, ya riƙa dariya yana wasa da wuƙa, ya sha giya ta zubo masa a haɓa, ya fizgi 'yar Baturen gona, sannan jarumi ya harbe shi ya faɗo daga doki. Ya yi, don yunwa ba ta san girma ba.

Wata Lahadi da rana ya saci jiki ya shiga gidan silima na titin Main inda 'yan unguwa ke kallo, ya zauna can baya. Da fuskarsa ta cika allo tana wannan dariyar, sai ɓawon gyaɗa da na lemu suka fara tashi, ana jifan allon. Wani mutum a layin gabansa ya ce wa matarsa, ba da ƙarfi ba, "Ɗan Cleofas ne fa. Da ubansa kaɗai ya sayar, yanzu ya haɗa da mu duka." Matar ta ce, "Allah ya shirya." Nicanor ya nutse cikin kujera, bai fita ba sai da mai shara ya zo ya taɓa shi.

Shekarun nan ne aiki ya ƙafe a ko'ina, aka fara cewa 'yan Meksiko ne suka cinye abincin 'yan ƙasa, hukuma ta riƙa cika jiragen ƙasa da mutane ana mai da su Meksiko. Shagon Don Cleofas dama ya mutu, mota ta kori doki daga titi. Bai jira an zo an ɗauke shi ba, ya ce zai koma ya mutu inda aka binne matarsa. Casilda ba ta iya binsa ba, tana da miji mai aikin layin dogo da yara ƙanana.

Da safe suka raka shi tasha. Mutane maƙil, da ƙunshin kaya da kejin kaji da keken ɗinki. Nicanor ya ɗauko masa kirgin kayan aikinsa. Da Casilda ta tafi nemo wa tsohon ruwa, ya ga in bai faɗa yanzu ba, ba zai ƙara samun dama ba.

"Baba, ranar nan da kuka kawo mini sirdi..."

"Wanne? Sirdin da na yi ai da yawa."

"Mai azurfa. Abin da na faɗa wa matar nan."

Don Cleofas ya dubi jirgin, ya dubi hannuwansa. "Kana shafa masa kitse kuwa? Iskar garin nan na busar da fata. In ka bar shi zai tsage ta wajen likkafa."

"Ina shafawa," in ji Nicanor. Sirdin kuwa tun bara ya sayar wa wani mai ba da hayar kayan fim.

"To shi ke nan. Ka riƙa leƙa yayarka. Bakinta ne kawai, cikinta babu komai."

Ya karɓi kirginsa ya hau. Nicanor ya sha faɗa wa matar da ya aura daga baya cewa da tsohon ya kwaɗa masa mari a gaban mutanen tashar, da ya fi masa sauƙin ɗauka.

Bai ƙara ganinsa ba. Kullum sai ya ce in an gama wannan fim zai je, in aka gama sai wani ya taso, ko kuma shi ya nemo dalili. Labarin rasuwar ya zo wa Casilda, suka tafi tare, suka tarar an riga an binne. Garin ya tsufa ya ƙanƙance. Wani wanzami, maƙwabcin tsohon, ya gane Nicanor tun daga nesa, ya jawo shi inuwa ya ba shi kujera. Ya ce duk lokacin da masu majigi suka zo suka rataya farin zane a bangon coci, Don Cleofas ne ke fara zuwa da kujerarsa. In fim ɗin na mahaya ne, sai ya yi ta jira har ɓarawo ya fito, ya riƙa taɓa na kusa da shi yana cewa, "Ku bar surutu ku kalli yadda zai faɗo. Wannan faɗuwar ba kowa ke iya ta ya tashi da ƙafafunsa ba."

"Ya ce kai ne babba a can," in ji wanzamin. "Har yanzu kana yi?"

"Ina taɓawa," in ji Nicanor. Casilda ta dubi fuskarsa, ta kau da kai. Mutanen garin sun so su yanka akuya don baƙon da ya zo daga fim, ya ce aiki na jiransa, ya bar yayarsa ta ƙarasa kwanakin makoki ita kaɗai.

Ya ci gaba da fitowa a ɓarawo, da mai gidan giya, da baƙauyen da ke barci a jikin bango, galibi ba a ma rubuta sunansa. A wani fim doki ya faɗi da shi ya danne masa ƙafa, daga nan ɗingishin ya samo asali, faɗowa kuma ta ƙare. Ya koma kula da dawakin da ake ba kamfanoni haya a kwarin San Fernando, yana share barga yana koya wa samari yadda za su saki jiki kafin su taɓa ƙasa. Ya auri wata bazawara mai suna Amparo da ke sayar da tamale, wani irin alalen masara, a Belvedere, mace mai haƙuri, ba su haihu ba. Finafinansa na zamanin shiru, waɗanda yake jarumi a ciki, babu ko ɗaya da ya rage, wasu sun ƙone, wasu sun ruɓe a gwangwani. Na ɓarawon ne suka rayu.

Da talabijin ta shigo gidaje aka fara sako tsofaffin finafinan mahaya ran Asabar da rana. Jikokin Casilda kan taru a falon Amparo, da zarar ya bayyana su fara kira, "Kaka, zo ka ga, za a harbe ka." Sai ya ce yana zuwa, ya fita bayan gida ya ɗauki bokiti ya yi ta ba barkononsa ruwa, ko da ya ba su da safe, har sai ƙarar kofato ta ɗauke. Amparo ta ce barkonon gidan nan ya fi na kowa shan ruwa a unguwar.

Ya rasu a 1964, da rani, bayan gajeriyar jinya. Casilda, wadda ta girme shi, ta ƙara shekaru bayansa. Samarin barga ne suka ɗauki akwatinsa zuwa coci, kuma ɗaya daga cikinsu ya ce bai taɓa sanin tsohon ya yi wani abu a fim ba, ban da faɗowa daga doki.